Geron Barkiya da rahoton da na kai wa Malam Hamisu

Da safen nan, ko karyawa ban yi ba, aka bugo mini waya cewa Malam Hamisu ya rasu a Dutsin-Ma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. Ba rashin kaɗai ke cin raina ba. Akwai maganar da ban faɗa masa ba, ga shi yanzu babu hali.

Shi ya koyar da mu a digiri na biyu na harkar kasuwanci, farkon shekarun tamanin. Sauran malamai a aji suke barin mu da manyan littattafai. Shi kuwa sai ya kwashe mu a motar makaranta ya zube mu a Dutsin-Ma da Kurfi, ya rarraba mu ga masu sana'a, wani wajen masunta a madatsar ruwan Zobe, wani wajen dillalan shanu. Za ka zauna da mutum mako shida, ka ba shi shawara guda ɗaya, bayan wata shida ka koma ka ga abin da ta haifar, sannan ka rubuta rahoto. Rahoton nan shi ne jarrabawar.

Mun sha gunaguni, mu manyan 'yan boko masu takalma sau-ciki. Ranar da nawa ya yage a hanyar daji, silifas ɗinsa ya cire ya ba ni, ya taka ba takalmi har bakin mota, yana ta yi mini tsiya wai manaja ya zama ɗan ƙauye.

Ni Barkiya aka kai ni, gidan Baba Ɗanlami, manomi mai sayar da hatsi. Rumbunansa uku cike da damman gero. Ina gani ilimi ya motsa. Na ce a sussuke na rumbu biyu a ɗura a buhuna a jibge a ɗaki, ranar da farashi ya tashi sai lodi kawai. Tsohon ya ce su dai tun kakanni a zangarniya suke ajiye gero. Na yi ta zuba masa bayani har ya sakar mini. Ya bi maganata don kunyar baƙo, ba don ya gamsu ba.

Da na koma, ƙwari sun mayar da fiye da rabin buhunan gari. Na rumbun da ba a taɓa ba kuwa lafiyarsa ƙalau. Ga ruwa ya yi jinkiri a shekarar, ga gida cike da iyali.

Baba Ɗanlami bai zage ni ba. Fura ma ya sa aka dama mini.

Tsoron faɗuwa ya sa na rubuta cewa shawarata ta yi nasara. Malam ya ba ni maki mai kyau, daga baya kuma ya rubuta mini takardar shaidar da na samu aikina na farko da ita. Duk shekarun nan, in aka ambaci sunan Malam sai ƙaryar nan ta faɗo mini a rai.

Watan jiya na ɗaura niyya na je gaishe shi, da nufin in amayar da komai. Na same shi a zaure, jiki ya yi rauni, 'yan dubiya sun cika wurin. Ya gane ni nan take, ya tambaya ko na taɓa komawa Barkiya. Na ce a'a. Sai ya ce:

"Rahoton nan naka ya cika kyau, Sule. Har yau ina jiran ka kawo mani na gaskiyar."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasan malami da ɗalibi ne. Ni ma na taya su. Na ce zan dawo in an rage jama'a. Ban dawo ba.

Ashe ya sani tun farko, ya rufa mini asiri, ya bar ni in kawo kaina.

Yanzu zan kama hanya ko Allah zai sa in samu jana'iza. Daga can zan wuce Barkiya. Na san da wuya a ce Baba Ɗanlami yana raye, kuma wallahi ina tsoron haɗa ido da 'ya'yansa, don su suka kwana da yunwar da na jawo. Duk wanda ya san inda zuriyarsa take ya taimaka ya turo mini saƙo ta inbos.

Allah Ya jiƙan Malam Hamisu, Ya rufa masa asiri a lahira yadda ya rufa mini a duniya, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya haɗa da Baba Ɗanlami. Ni kuma ku roƙa mini kada ƙafata ta yi sanyi a ƙofar gidan Baba Ɗanlami.