Gahawa a Naman Tsohuwar Saniya

Yanzu idan na kashe wutar tukuba a bakin tashar Tawa, ƙafafuna a kumbure, idanuna na yaji saboda hayaƙi, ba abin da nake so illa in zauna kada kowa ya ce mini uffan. A irin wannan zaman ne Kaka Hajo take faɗo mini a rai, uwar mahaifina, wadda ta rene mu a Affala.

Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, takan tara karan gero ta hura wuta a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna, kowa na neman inda hayaƙi ba ya bi. Ba ta da haƙuri da mai gyangyaɗi. "Ga ta nan tahe," in ji ta, "wanda yay yi kwana, kura ta canye rabo nai." Mu ce ta iso mu ji ta.

Akwai wata tatsuniya da take maimaitawa har muka gaji da ita. Wani makiyayi ne fari ya cinye masa garke, sai tsohuwar saniya guda, ita ma ta kwanta ta kasa tashi. Aka yanka ta kafin ta zama mushe. Naman ya yi tauri kamar igiyar guga, mutumin kuma ya juya fuska bango, ya ce ba zai ci abokiyar wahalarsa ba. Ya ƙi nama, ya ƙi fura, yana ta ramewa.

Matarsa ta duba ba yaji a gidan, sai ta tuna wani Buzu da ya kwana wurinsu ya bar musu ƙullin wasu baƙaƙen ƙwayoyi. Ba ta taɓa ganin gahawa ba, ta ɗauka daddawar mutanen arewa ce. Ta daka da gishiri da tafarnuwa, ta cuɗa naman da garin da ɗan man shanu, ta rufe a ƙwarya ya kwana. Da ta ɗora a garwashi, ƙamshi ya juyo da mijin. Ya miƙo hannu, ya ci.

"Kun gani, ɗiyana? Ɗaci shi ka sa tauri laushi. To, ku tashi, ta ƙare, kowa shi tahi ɗaki."

Mukan tashi muna dariya. Wa zai zuba abin sha a nama in ba sakara ba? Sai ga shi da na girma na kama sana'ar balangu, ni ne sakaran. Dabbobin da ake kawowa kasuwa a ƙarshen rani duk ƙashi da jijiya ne, dole na gwada dabarar Kaka. Garin kafe, wato gahawa, kaɗan nake sawa, da citta da man gyaɗa, domin in hannu ya zarce ɗaci ya kashe naman. Yana fitowa da duhu da laushi, mutane na yabawa, ni dai gajiyata nake sha.

Bara ƙanena ya kira ni a waya: saniyar Baba ta ƙarshe ta faɗi, an yanka, Baba kuma ya daina cin abinci. Kaka ta daɗe da rasuwa. Na ƙulla garin kafe na hau mota. Na yi duk yadda matar makiyayin ta yi, na kai masa a kwano. Ya daɗe yana sansanawa.

"Wagga dabarar Inna ta," ya ce. Ya ci tsoka ɗaya, ya ce in ƙaro. Ranar har na yi hawaye don murna.

Da safe na fito na same shi tsaye a gaban turke, riƙe da ƙwaryar dusa. Ya manta ne, ƙafa ta kai shi inda ta saba. Na rasa dabarar da zan yi masa, don tatsuniyar ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Kaka take korarmu ɗaki da zarar mutumin ya ci. Ita ma matar makiyayi ce, ta san abin da ke biyo baya, ta ga mu yara ne ta bar mu da laushin naman. Baba yana wurina yanzu a Tawa, yana cin abin da aka ba shi. Ranar kasuwar dabbobi kuwa ba ya fita ko ƙofar gida.