Farin Layin da Dakta Bulus Ya Ja wa Baba

Damina bakwai ke nan da rasuwar abokina Dakta Bulus, mutumin Filato, malamin jami'a da ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda ƙwaƙwalwa ke ba ƙafa da hannu umarni. A Kwalkwalawa muka saba, wurin mai shayi, tun muna ɗalibai.

Mahaifina malami ne a Ƙofar Dundaye. Da ciwon rawar jiki ya kama shi, karkarwar hannu ba ta dame shi ba kamar ƙafa. Yakan zo bakin zaure ya kafe kamar an dasa shi, ga masallaci yana gani, har a sallame. Wallahi na ga hawayensa, mutumin da bai taɓa rasa jam'i ba.

Bulus ya ce ƙarfin ƙafar yana nan, umarnin ne ke maƙalewa, amma in ido ya ga abin tsallakawa, ƙwaƙwalwa kan bi wata hanyar. Ya zo da farin fenti ya ja layi-layi a daɓen siminti, taku ɗaya tsakani, daga zaure har ƙofar masallaci. Baba ya tsallake su ɗai-ɗai ya shiga sahu.

Sai tsegumi ya tashi, wai Kirista ya yi zane a ƙofar malam, ai asiri ne. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni da na sani fa? Kunyar mutane ta sa na kankare layin tas. Da la'asar Baba ya kafe a zaure, ya ce, “Wa yaɗ ɗauke mani hanya?”

Yanzu jikoki na nuna mini a waya wai har sanda ake yi mai haska layi a ƙasa. Da Bulus na nan, dariya zai yi, ya tambaya ko ta iso hannun tsohon ƙauye.

Takardun bincikensa ban san inda suke ba. Abin da na sani, Baba ya ƙara shekara biyu yana sallah cikin jam'i, don washegarin ranar da na kankare layin Bulus ya dawo da fentinsa. Na ce masa ruwan sama ne ya wanke. Tsakiyar rani muke. Ya dube ni, ya ce, “To, Malam Sani, riƙe mini gwangwanin,” ya durƙusa. Har ya bar duniya bai tayar da maganar ba, ni kuma ban nemi gafararsa ba.