Baƙin Dutsen Babanmu

Ƙarar ce ta katse mini lazimi, da safiyar sunan tattaɓa-kunnena. Ƙurr, ƙurr, daga bayan rijiya. Wani zai ce wuƙa ake wasawa don yankan rago, kuma gaskiyarsa. Amma ni na san muryar dutsen nan kamar yadda na san tarin 'ya'yana, kuma a ranar ihu yake yi. Na yi kira, muryata ba ta wuce labule ba. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Kafin in lalubo sanda in fito tsakar gida, an riga an gama.

To, bari in koma da ku baya, don ku san abin da aka taɓa.

Babanmu wanzami ne a nan Kwarbai, kuma ɗan wanzami. Duwatsunsa na wasa aska biyu ne. Akwai ja mai kaushi, wanda ke yashe a gindin rijiya, kowa na iya ɗauka. Akwai kuma baƙi, siriri, bai fi tafin hannu ba, sumul kamar hanta, in ka dubi gefensa sai ka ga falle-falle kamar an jera takardu. Kakanmu ne ya zo da shi daga gabas. Shi wannan ba ya fitar da bakin aska, gyara shi yake yi. Sai aska ta gama da ja, sannan a kai ta gaban baƙi ya lallashe ta. Ba ya ganin mai, ba ya ganin wuƙa, ba ya kwana a waje. A cikin tsumma yake, can ƙasan zabira.

Ranar Alhamis da yamma Baba kan shimfiɗa buzu a zaure, saboda kawunan Juma'a. Ni ce mai riƙe ludayi. In ɗiga ruwa, shi kuma ya goga wani ɗan guntun dutse a kai har ruwan ya yi kauri, ya koma toka-toka kamar kunun kanwa. Sai wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka a kan ganuwa. Ko a tsakiyar bazara, zafi na gasa gari, in aka jiƙa dutsen nan sai ka rantse damina ta shigo zaure. Sannan ya kwantar da aska, ya ja, ya juya, ya ja. Da fari tana cewa shaa, shaa. Can sai ta rage murya. Can sai ta yi shiru, kamar mai barci.

"Kin ji?" in ji Baba.

"Na ji."

"To kawo gashi."

In sunkuya, ya tsinki sili ɗaya a kaina, ya riƙe shi a iska, ya taɓa shi da bakin askar. In ya faɗi gida biyu, an gama. Innarmu takan leƙo ta ce, "Malam, kai da dutsenka sai kun mayar mini da yarinya mai sanƙo." Ya ce ai wanzami na gida, kyauta zai ƙarasa mata.

Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, da aska ɗaya ake yi masa askin suna, askar kakanmu, kuma sai an bi da ita ta kan baƙin dutse. Ba a taɓa jin jariri ya yi kuka a ƙarƙashinta ba. Da ita aka yi mini, da ita aka yi wa 'ya'yana da jikokina, don ko da na yi aure ƙofa kaɗan ce tsakani.

Amma mace ba ta riƙe aska. Ba wanda ya hana ni da baki, haka dai aka tarar. Yayyena da aka so su gada, ɗaya ya bi karatun zaure, ɗaya ya sami aikin ofis a unguwar Kongo. Ƙanena ne ya riƙe sana'ar da ƙyar, shi ma bara Allah ya karɓi abinsa, aka kawo mini zabirar. Tun da matar jikana ta haihu na ciro dutsen, na wanke, na ɗora a kan taga ya sha iska. Niyyata in roƙi wanzamin da za a kira ya gyara askar a gabana.

Abin da na tarar a bayan rijiya, jikana ne tsugune da wuƙar layya, dutsen a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tsiyaya masa man keke. Tsakiyarsa ta yi kwari, gefe ya ɓantare.

Ya ɗago yana dariya. "Amarya, wannan dutsen naki ragon banza ne. Tun ɗazu nake fama, ko ci ba ya yi."

Kullum in ya tsokane ni ina da amsa. Ranar sai kawai na miƙa hannu ya ba ni dutsen. Da ya ga fuskata sai dariyar ta mutu. Ba laifinsa ba ne. Wa ya taɓa gaya masa?

Da hantsi wanzami ya zo, matashi ne mai ladabi, da kwalin reza a aljihu. Na miƙa masa askar da dutsen. Ya juya su, ya ce, "Hajiya, wallahi ni ban taɓa wasa aska ba. Mu sabuwa muke ɓarewa, in an gama a yar." Mai jego ma daga ɗaki ta aiko cewa a asibiti an ce kowane jariri da rezarsa. Ban ga laifinta ba. Ɗanta ne.

Jikana ya ce in ba shi ya gwada. Ya wanke man da sabulu, muka sami wani ɗan lungu da ya rage lafiya, na ɗiga ruwa. Ya ja. Na ce ba haka ba. Ya sake ja. Na ce ba haka ba. Ya ce, "To yaya, Kaka? In danna ko in sassauta?" Na san yadda aska take cewa in an yi daidai, amma ban taɓa sanin abin da yatsu ke yi ba. Kunnen yana wurina, hannun yana kabari.

Na tura ɗankwali, na tsinki furfura ɗaya, na taɓa bakin askar da ita. Ta lanƙwashe, ta miƙe abinta.

Na ce wa wanzami ya ɓare rezarsa.

An yi aski, an ci nama, an watse. Yaron yana nan lafiya, gashi har ya sake tsirowa, kuma na gode Allah. Yanzu kowane lungu na birni akwai shagon aski, inji na kuka kamar ƙudan zuma. Dutsen na mayar da shi cikin tsummansa. Wata Alhamis ɗin nakan ciro shi in ɗiga masa ruwa. Ƙamshin yana nan bai tafi ba. Sai in zauna da ludayi a hannu, ina saurare.