Miyar Indiyawa a Ƙwaryar Inna

Har yau in na bi ta layin masu kayan yaji a kasuwar Gidan Rumji, hancina ya ɗauko wani wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da albasa, sai yawu ya cika mini baki, in nemi gefe in tofar. Jikokina sun ɗauka tsufa ne, ni kuma ban taɓa gaya musu ba.

Shekarar da aka ce Faransawa sun sauka an ɗaga tutarmu na dawo ƙauyenmu, kusa da Gidan Sori. Shekara uku na yi a Kano ina aikin madafa a gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi. Lakol, wato makarantar boko, shekara biyu kacal na yi, amma na dawo ina jin babu wayayye kamata. Na zo da akwatin ƙarfe, da dogon wando, da gwangwanaye huɗu na kayan girki da matar maigidan ta ba ni sallama.

Mu asalinmu masu kiwo ne, kakanni suka zauna suka kama noma, shanu shida suka rage mana. Ubana ya rasu, Baffa ƙaninsa ke riƙe da gida. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ci abinci, sai ta ce da wanda ke kusa, "Ku ce wa wancan ga ƙwarya nan." Haka na tashi na gani, ban taɓa jin zafinsa ba.

Na tarar da gida cikin kaka. Ga yankan gero, ga roron wake, ga gyaɗa ta isa cira. Inna da taubashiyata, ɗiyar goggona da ta tashi a gidanmu, su biyu ke tatsa, su je rijiya, su yi daka, su tafi gona, su dawo su ɗora tuwo. Sau da yawa yara sun yi barci kafin a kwashe. Na ce ai wannan wahalar banza ce. A gidan Ba'indiye kafin a idar da sallah ɗaya an gama abinci.

"To ga murhu nan, Bature," in ji taubashiyata. "Ko in ara maka zane ka ɗaura?"

Na nuna musu kuwa. Na ɓarza wake na sheƙe ɓawon, ya nuna nan da nan. Na soya albasa da tafarnuwa da citta da barkono a man shanu, na barbaɗa gangamau, na juye a kan waken ya yi ƙara. Na kwaɓa garin gero na gasa fale-fale a kasko. Kafin mata su sauke tulu an ci an sha ruwa. Baffa ya ce namiji a bakin murhu abin kunya ne, amma sau biyu ya miƙo akushi. Kwana shida ina yi. Da a nan na tsaya, da yau labarin daɗi nake bayarwa.

Sai Baffa ya kira gayyar cirar gyaɗa, mutum wajen talatin. Na ce mata su tafi gona su taya tarawa, abincin rana a bar mini. Na ƙudura zan yi wata miya da Indiyawa ke yi da nono da garin wake, don mutanen gari su san na je wani wuri.

Nonon mutum talatin yana son babban mazubi, kuma babba ɗaya ne a gidan. Inna na da wata ƙwarya da ke zaune a kan gammo a ƙuryar ɗakinta, rufe da faifai. Uwarta ce ta ba ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, ita ma uwar gadonta ta yi. Ta yi ja saboda shekaru, an ɗinke ta wuri uku. Ban da madara ba abin da ya taɓa shiga cikinta, ko fura ba a damawa a ciki. Ko mai hannun miya ba ya taɓa ta. Duk na san wannan, ba zan ce ban sani ba. Na shiga ɗakin da ban saba shiga ba, na ɗauko ta, ina ce wa kaina wannan duk ƙauyanci ne.

Cikin gwangwanayen nan akwai ɗaya mai wani danƙo baƙi-baƙi, suna ce masa hingi. Matar Ba'indiyen kamar kan ashana take gutsura, ta jefa a mai ya soyu sosai, warin ya mutu ya bar ɗanɗano. Ni na lissafa mutum talatin, na ɓallo kamar rabin goro. Ga sauri, rana ta yi tsaka. Ban jira ya narke ba na kwarara man da zafinsa cikin ƙwaryar, kan nono da gangamau, na sa maburgin Inna na burga. Maimakon in juye a tukunya in dafa kamar yadda ake yi, sai na ce ai nono ba ya son wuta, na ɗauka haka na nufi gona.

Tun a hanya na san na yi ɓarna. Ƙudaje suka biyo ni, irin manyan nan kore da ke bin mushe. Da na buɗe faifan a gindin gawo, abin ya tsinke, ruwa mai launin ɗorawa a sama, gudaji a ƙasa, mai yana yawo kamar idon ciwo. Wani dattijo ya kai ludayi baki, ya juya ya furzar, ya goge harshensa da hannun riga.

"Subhanallahi! Mi ya mutu a ciki?"

"Abincin birni ne, Baba," in ji taubashiyata, ta toshe hanci da gefen zane. "Ku daure, ƙila daga baya daɗin ke zuwa."

Aka fashe da dariya. Ita ma tana dariyar, sai idonta ya sauka a kan ɗinkin ƙwaryar, dariyar ta tsaya. Ta dubi Inna. Inna tana durƙushe da damin gyaɗa a hannu, ta ga abin da kowa ya gani. Ta taso ta kifar da miyar can nesa, ko karnukan da suka zo shinshinawa suka yi suka bar ta. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta tafi gida. Ranar da guntun fura mutane suka ƙarasa yinin, rabin gonar aka bari.

Kwana bakwai tana fama. Ta wanke da toka, ta dirje da dusa, ta cika ta da rairayin rijiya ta shanya, ta kifa ta a kan hayaƙi. Rawayar gangamau ta shige cikin jikin ƙwaryar, man ya bi ɗinkin ya zauna. Rana ta takwas ta gwada zuba madara. Da safe nonon ya kwana da kyau, fari tas, amma da ta ɗaga faifai, daga bakin ƙofa na ji warin. Ta ba maraƙi, ya kau da kai.

Abin da na yi bayan nan ya fi miyar ƙazanta. Na tafi Maraɗi na sayo kwanon tangaran babba mai furanni, na ajiye a ƙofar ɗakinta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A ce mata ga wanda ya fi. Wannan ba ya riƙe wari. Duma ne fa kawai, ana ta zaman makoki a kansa."

Taubashiyata na tsaye a wurin, tana jira Inna ta ba ta saƙo ta maimaita mini kamar kullum. Inna ta fito. Ta tsaya a gabana, ta ɗago ta dube ni cikin ido. Ban taɓa sanin idonta na da ɗigon fari a gefe ba sai ranar.

"Kai," ta ce. "Uwata ce ta ba ni."

Ta koma ciki. Shekara ashirin da biyu ina duniya, wannan ce maganar farko da ta yi mini da bakinta, kuma har Allah ya ɗauki ranta ba ta ƙara ba. Ban ba ta haƙuri ba. Na tsaya ne ina jin haushi an ƙi kyautata.

Bayan kaka aka yi auren taubashiyata, wadda ita aka ajiye wa ƙwaryar tun tana ƙarama. Da sabuwa fara ta kasuwa aka kai ta. Tsohuwar, Inna ta kife ta a kan rumbu, damina biyu ta cinye ta. Kwanon tangaran kuwa awaki suka sha ƙasari a ciki har ya huje.

Gwangwanin hingin na jefa shi a tsohuwar rijiyar bayan gari. Sauran ukun na ƙarar da su a hankali, a tukunyar da na saya da kaina, domin waken nan yara sun ci gaba da nema in aiki ya yi yawa. Inna takan karɓi nata ta gode wa wanda ya miƙa mata. Daga baya na ji cewa ba ta taɓa ci ba, maƙwabta take aika wa.