Ranar da Orest Ya Yar da Safar Hannu

Duk wanda ya ga fuskar mijina, Orest Danyluk, ba sai an gaya masa sana'arsa ba. Hancin ya karye har ya gaji da karyewa, ya kwanta gefe guda ya yi zamansa. Haƙoran gaba tun yana saurayi ya baro su a kan ƙanƙarar filin wasan wani gari a lardin Manitoba, na roba yake sawa. Girar hagu kuwa duk tabon ɗinki ce. Ni da na aure shi ban taɓa ce masa kyakkyawa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.

Hoki ya buga, wasan nan na kora ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, a ƙananan ƙungiyoyin nan da ke yawo cikin bas daga gari zuwa gari a nan lardinmu na Saskatchewan. Amma wanda ya ce maka ya iya wasa ya shara maka ƙarya. Gudu a kan ƙanƙara ba shi da shi, cin ƙwallo kuwa sai dai bisa kuskure. Aikinsa guda ne. Kowace ƙungiya tana da ɗan siririn gwaninta mai ci mata wasa, wanda abokan karawa ke neman ɓalla wa ƙafa. Orest ne mai tsaron wannan gwanin. Kana taɓa shi za ka ga an turo maka Orest. Zai tsaya a gabanka ya ce, "Za ka yi?" In ka amsa, sai ya saki sanda, ya girgiza hannuwa, safar nan masu kauri su faɗi ƙasa. Ya cakumi wuyan rigarka da hagu, dama kuma ta kama aiki.

Faɗan yana da ƙa'ida, kuma Orest ya riƙe ta fiye da yadda ya riƙe wa'azin coci. Ba ka dukan wanda ka fi girma. Ba ka zuwa wa mutum ta baya, ba ka kai hannu sai ka tambaya. Da zarar mutum ya kai ƙasa kuma, faɗa ya ƙare: ka buɗe hannuwa ka ja baya, alƙalan wasa su shiga tsakani, kowa ya nufi benci.

Na sha zama cikin 'yan kallo ina ganin jinin mijina yana daskarewa a ƙasa, a zo da shebur a kankare, a ci gaba da wasa. Mutane na ihu, suna dukan gilashi, suna kiran sunansa kamar su haɗiye shi don so. Waɗannan mutanen ba su ne ke ɗora masa tsumma mai sanyi a ido da safe ba. Na tsani wasan nan a lokacin, har gobe ma na tsane shi.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gida, ya kama tuƙa motar da ke gyara ƙanƙara a filin wasan garinmu. Ni kuma ina riƙe da ɗakin cin abinci na filin, kofi da giya da soyayyen dankali da romo. Muna zaman lafiyarmu sai ciwon kai ya sa shi gaba, ga mantuwa. Ya fita sayen burodi ya dawo da fenti. Likita a birnin Saskatoon ya ɗauki hoton kan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ƙwaƙwalwar nan ta sha iya abin da za ta iya sha. Bugu ɗaya mai kyau ya rage. Ko dai ka tafi gaba ɗaya, ko ka zauna amma ba kai ba."

Muna shiga mota na riƙe makulli na ƙi ba shi.

"Orest, ka rantse mini ba ka ƙara faɗa."

"Na rantse, Darlene. Wa ma zan daka yanzu? Duk abokan faɗan nawa suna fama da gwiwa."

Shirin talabijin ɗin nan ni na fara kallonsa, ranar Lahadi da rana in ciniki ya yi sauƙi. Labarin ma'aikatan kamfanin gyaran kifi ne a wani gari na bakin teku, da suka haɗa ƙungiyar mawaƙa. Ana cikin magana sai kawai a ɓarke da waƙa. Orest ya riƙa yi mini tsiya. "Wane mahaukaci ne zai tsaya yana feɗe kifi ya hau rera waƙa? Ai sai ya yanke yatsa."

Akwai wani a cikinsu, Emory, ɗan siriri mai ɗaura jan ƙyalle a wuya. Duk ƙungiyar ba mai muryarsa. Emory maza yake so, bai kuma ɓoye ba, har yana da masoyi mai tuƙa jirgin fito. Wata Lahadi aka nuna wasu ƙarti sun tare shi a bayan kamfani. Suka tura kansa cikin baho na kayan cikin kifi, suka yi ta ƙwallo da shi, ɗaya ya taka masa yatsu da takalmin aiki. Washegari ya fito da kumburarren ido, ya tsaya gaban 'yan ƙungiya ya ja musu waƙa.

Ban san Orest yana bayana ba sai da na ji ya buga teburi.

"Ina babban nasu?"

"Wane babba kuma?"

"Ga ƙaton can mai gemu a layin baya, sai wangale baki yake! Wannan ɗan siririn shi ne gwaninsu, in babu shi waƙar ta mutu. An taɓa gwani, ba wanda ya yar da safa? Wace irin ƙungiyar banza ce wannan?"

"Wasa ne fa, tsoho. Kuma ka dai ji maza yake so."

"To ni na ce mata yake so? Na yi shekaru ina tsaron gwaninmu Gaetan, ban taɓa tambayarsa da wa yake kwana ba. Ƙwallo yake ci mana. Wannan kuma waƙa yake ci musu."

Tun daga ranar shirin ya tashi daga nawa ya koma nasa. Lahadi tana yi zai gama gyaran ƙanƙara da wuri, ya jawo kujera gaban talabijin. Ya haddace waƙoƙin Emory kaf, yana bisa mota yana rera su da muryar nan tasa mai kama da ƙofar da ta yi tsatsa. Tsofaffin abokansa suka samu abin yi.

"Orest, yaya saurayin naka?"

"Lafiyarsa lau. Ya fi ka murya, ya kuma fi ka zuciya."

"Zuciya? Ɗan ƙyallen?"

"Kai, rufe mini baki, an taɓa fasa maka ido? Ni na san abin da ake ji in an farfasa ka jiya, yau a ce koma gaban waɗanda suka farfasa ka. Ni da sanda da hular kwano nake komawa. Shi da ƙyalle yake komawa, ya kuma buɗe baki ya yi waƙa. Duk cikinku wa zai iya?"

Su yi dariya, shi ma ya yi, a sha kofi a watse. Da su ban taɓa jin tsoro ba, tare suka tsufa.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar sanyi. Wata ƙungiyar hoki ta ma'aikatan rijiyar mai ta zo daga kudu, aka lallasa su, suka shigo wurina da haushi suna neman giya. Mafi girmansu, wanda na ji suna kira Wade, ƙofar ma sai da ya sunkuya. Orest ya shigo ke nan daga kan mota, safar aiki tana hannunsa bai cire ba, don an riga an fara shirin. Emory ne a bakin jirgin fito, riƙe da hannun masoyinsa, yana waƙa.

"Ke mama," in ji Wade, "canza mana tashar nan. Ba kallon 'yan daudu muka zo ba."

Na miƙa hannu zan canza, don na ga jijiyar wuyan mijina ta tashi.

"Bar shi, Darlene," Orest ya ce, idonsa na kan talabijin. "Bai gama ba."

Wade ya juyo ya ƙare masa kallo. "Au, baba, naka ne? Ka makara, ai ya yi miji." Abokansa suka kwashe da dariya. Orest ya ci gaba da kallon talabijin, na fara gode wa Allah a raina. Sai Wade ya ɗaga kwalba ya jefi talabijin, gilashin ya tsage, amma muryar ba ta tsaya ba.

"Irin waɗannan mu mun san maganinsu," ya ce. "Bara mun kama ɗaya a bayan mashaya a garinmu, mu huɗu. Har yau da sanda yake tafiya."

Nan ne Orest ya tashi. Ya zo gabana ya cire haƙoran roba ya ajiye kusa da tukunyar kofi.

"Orest, ka fa riga ka rantse mini!"

"Na sani, Darlene. Amma ya fi ni girma. Zan kuma tambaye shi."

Ya je ya tsaya gaban Wade. "Ku huɗu a kan mutum ɗaya. To ga mutum ɗaya, kai ma kai ɗaya. Za ka yi?"

"Baba, je ka zauna kafin in ƙarasa maka sauran haƙoran."

"Tambayarka nake, ɗan samari. Za ka yi?"

Wade ya ture kujera ya miƙe. Orest ya girgiza hannuwa, safar suka faɗi ƙasa.

Wade ne ya fara kai naushi, ya same shi a kafaɗa, na biyu ya fasa masa leɓe. Orest ko gezau. Ya cakumi wuyan rigarsa da hagu, ya miƙe hannun ya tokare shi yadda naushin Wade sai dai ya daki iska, sannan dama ta sauka. Na ji ƙarar hancin yana fashewa. Jini ya wanke wa Wade baki da gemu. Orest ya finciko rigar ta baya ya rufe masa kai da ita, ya yi ta zuba masa ta ƙasa, a haƙarƙari, a haɓa. Teburi ya kife, romo da giya suka malale. Ƙaton nan ya durƙushe, ya kifa da fuska cikin dankali.

Yana kaiwa ƙasa Orest ya sake shi. Ya buɗe hannuwa, ya ja baya, ya juya kai gefe yana haki, yana jiran alƙalan wasa su shigo su raba. Abin da ya yi duk rayuwarsa ke nan. Ya manta a ɗakin cin abinci yake.

Ɗaya daga cikin abokan Wade yana bayansa da sandar hoki. Na gan shi, na buɗe baki, kafin murya ta fito ya ɗaga da hannu biyu ya sauke masa a bayan kunne. Sandar ta karye. Orest ya tafi gaba ɗaya kamar an sare itace, kansa ya ƙara haɗuwa da bakin kanta. Yana kwance suka hau shi da ƙafa. Ni ban san lokacin da na tsallake kantar ba. Tukunyar kofi na ɗauka tana tafasa na kwaɗa wa mai sandar a fuska, ya yi ƙara ya riƙe ido. Na faɗa kan mijina na rufe kansa da jikina, takalmi ya same ni a baya, ina zaginsu da duk zagin da na sani. Jini ne ke fita ta kunnensa, da ɗumi, yana bin hannuna. A sama kuma fasasshen talabijin yana ta waƙa.

An ɗaure mai sandar. Wade ya tafi da karkataccen hanci, ina kuma fata duk safiya madubi yana tuna masa.

Orest bai mutu ba. Ɗaya zancen likitan ne ya tabbata. Yana gidan kula da marasa lafiya a bakin gari, ya rame, manyan hannuwan nan suna ajiye a kan cinya. Bai san sunana ba. In na shigo sai ya ce, "Sannu, baiwar Allah," cikin ladabi, kamar mai sayen kofi.

Mutanen gari suna cewa ya zubar da kansa saboda mutumin da babu shi a duniya. A gabana dai ba mai faɗa. Ni kaina na yi fushi da shi, har yanzu ina yi. Ya rantse mini, ya karya, ya bar ni ni kaɗai da motarsa a ƙofar gida da haƙoransa a cikin kofin ruwa. Wata rana in zan shiga wurinsa sai na tsaya a mota na gama zaginsa tukuna. Amma na ji abin da Wade ya faɗa da kunnena, kuma wancan mai tafiya da sanda ba a talabijin yake ba.

Duk Lahadi ina kai masa faifan shirin in sa masa yana cin abincin rana. Masu jinya sun ce in riƙa tsallake wurin da ake tare Emory a bayan kamfani, wai yana tayar masa da hankali. Ba na tsallakewa. Nan ne kaɗai nake ganin mijina.

Ƙartin suna kewaye Emory sai idon Orest ya tsaya cak. Ya girgiza hannuwa, cokali ya faɗi ƙasa. Ya dafa kujera yana ƙoƙarin tashi, ƙafafu su ƙi. Sai ya juyo ya dube ni.

"Baiwar Allah, ba wanda zai je ne?"

"An je, Orest," nake ce masa. "Wani ya je."

Sai ya koma ya jingina, yana numfashi sama-sama. Ni kuma in sunkuya in ɗauki cokalin, in goge da gefen rigata, in mayar masa a hannu.