Ranar da Sale Ya Cire Uwar Jarumi

A Maska na girma, a gidan kakata Iya Abu. Da kaka, in an yi sallar isha'i, sai a hura wuta a tsakar gida, a juye mana gyaɗa a tabarma, mu yi ta ɓara tana ba mu tatsuniya. Iya Abu ba ta taɓa tambayarmu ko labari ya yi daɗi ba. Hannayenmu take kallo. In ta ga mun saki gyaɗa mun buɗe baki, ta san ya shige mu.

Akwai wanda muka fi so, na wani ƙato da ke ɗaga bijimin sa da hannu ɗaya. Ruwa ya taso zai cinye garinsu, sai ya shiga ya tokare gaɓar kogi da bayansa don mutane su tsere. Can ya jiyo muryar uwarsa a tsallake tana kiransa, ruwa ya kai mata ƙirji. In ya motsa gari ya tafi, in ya tsaya uwa ta tafi. A nan Iya Abu take yin shiru, ta gyara itacen wuta, mu kuwa kamar mu mutu.

Wata rana mura ta kama ta, sai ɗan kawuna Sale ya ce shi zai bayar. Ya ko bayar! Ƙato ya naushi kura, ƙato ya tuge kuka, ƙato ya jefar da ɓarayi bayan gari. Babu kogi, babu uwa. Na ce, "Wannan ba shi ba ne, kuma ba daɗi."

Kawu ya daka mini tsawa. "Ke wa ya sa da ke? In kin iya, ba da naki mana!"

Iya Abu ta yi tari, ta nuna kwanukanmu. "Malam, duba nan. Ni in na ba da shi, kwano rabi ake tashi da shi. Yau duk sun cika. Yarinya ta faɗi abin da kunnenta ya ji, ka ƙyale ta."

Abin da ya tuno mini wannan, jikata Rukayya ce, mai karatu a Funtuwa. Akwai fim ɗin wani jarumi mai tashi sama da take mutuwar so, sai aka mai da shi gem, wasan nan na kwamfuta. Ta buga, ta ga ba komai ciki sai naushi da tsalle, an zubar da duk abin da ya sa mutum ke tausayin jarumin. Masu sharhi a duniya ma, in ji ta, haka suka ce. Amma da ita ta rubuta nata da Hausa a waya, sai samari suka yi mata ca.

Na same ta ido jawur. "Hajiya, gogewa zan yi."

"Miƙo nan, ƙawata."

Ni sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a hankali nake karatu, amma ba harafin da ke wuce ni. Wani ya ce mace me ta sani a gem. Wani ya ce ta je ta ƙera nata. Wani ya zagi uwarta, 'yata ta cikina! Babu ko ɗaya da ya ce ga inda ta yi ƙarya.

Da ina ɗauka Iya Abu ni kaɗai ta kare a ranar. Sai da na tsufa na gane labarin ta kare. Duk wanda ya ɗauki labarin da mutane ke so ya ƙwaƙule cikinsa ya miƙo musu ɓawo, dole a faɗa masa, ko Bature ne mai kamfani ko ɗan kawu. In masu ji suka koyi yin shiru, gobe ɓawon kawai za a riƙa ba su.

Na ce wa Rukayya, "Ƙarya kika rubuta?"

"A'a."

"To, in kika goge, kada ki ƙara cin tuwona."

Ta yi dariya da hawaye. Na sa ta nuna mini wurin rubutu, na danna da yatsa ɗaya har na gama: "Ni ce kakarta. Gem ɗin ba daɗi. Mai ja ya zo Maska ya same ni."

Ba ta goge ba. Har yau kuma ina zaure, ba wanda ya zo.