Ranar da na faɗi sunan ɗana

Ina cikin ba ta labarin yadda 'yan bindiga suka kashe ɗana a gona, sai ta ajiye rikodarta, ta yi masa addu'a.

Ɗalibar jami'a ce, ta zo Illela binciken yadda rikici ke rusa ƙasashe.

Ta ce, "Baba, mi ne sunanshi?"

Na ce, "Ɗiyata, ɗan farina ne. Ba ni faɗin sunanshi."

Ta ce, "Gafarta mini. Ƙasa na fara lalacewa ne in an kashe mutum ba wanda ya tambayi sunanshi."

Sai na yi tunani: Na tsufa, in na tafi wa zai faɗa? Na ce, "Usmanu."

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ku fa, da kun faɗa?